Hausar Ƙasan Bene

Na san abin da kuke faɗa a kaina game da Hajja Batula. Kuna cewa na raina ta, na raina Hausarta, shi ya sa na ɗauke yayarku daga Alƙahira tana tsakiyar karatu na jefa ta Kano. Har autanku, wanda a lokacin ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa ba, na ji shi yana ba abokansa labarin kamar da shi aka yi shawarar. To ga shi na rubuta muku, ku zauna ku ji daga bakin mai shi. Ban taɓa raina Batula ba. Kishinta na yi, kishi mai hana cin abinci, kuma in gaya muku gaskiya, har yau da take kwance a kabarinta ban gama ba.

Abbanku karatu ya kai shi Masar, da ya gama sai ya zauna yana yi wa marasa lafiyar da suke zuwa daga gida tafinta a wurin likitoci. Ni aka kai masa daga Rano. Muka kama shaƙƙa, wato sashen gidan bene, a unguwar Ainu Shams saboda arahar haya, can saman bene, inda kafin ka hau sai ka tsaya ka huta. Na daɗe ban haihu ba. Na sha magani, na sha rubutu, na sha surutun dangi ta waya, sannan Allah ya kawo yayarku. Ku da kuka tashi a waje ba ku san nauyin ɗan fari ba, don haka bari in faɗa muku. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta kau da kai. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babban wanmu ba, kuma bai rasa komai ba, domin gidan cike yake da kakanni da gwaggwanni, wannan ta goya shi, waccan ta yi masa tatsuniya, wata ta zage shi cikin wasa. Abin da na gani ke nan, shi na ɗauko na zo da shi. Ban tsaya na duba cewa a Ainu Shams babu kaka babu gwaggo ba, daga ni sai ita sai bango. Na yi mata wanka, na shayar da ita, in ta yi zazzaɓi ni ma jikina ya ɗau zafi, amma bakina a rufe yake. In zan kira ta sai in ce “Ke.” Kada ku ce ai ba mai gani. Irin wannan kunya ba don idon mutane ake yin ta ba, ko ni kaɗai ce a ɗaki harshena ba ya ɗaguwa.

A ƙasan benenmu Batula take. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin murya, tana yi wa amare lalle tana haɗa turaren wuta da humra, ƙofarta kullum a buɗe, hayaƙinta yana bin matakala har ɗakinmu. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Sakkwato lokacin da Turawa suka shigo, suka nufi Makka a ƙafa, tafiya ta yanke musu a bakin Nilu, suka yi gona suka zauna. Ita ko a mafarki ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Mijinta ya rasu, ’ya’yanta sun watsu neman abinci. Ranar da na fara jin Hausarta sai da na toshe baki da mayafi. Tana jan magana kamar ba ta son rabuwa da ita, ta tsoma Larabcin Sudan a tsakiya, can kuma ta jefo wata tsohuwar kalma wadda rabona da ji tun a bakin kakata. Da na samu ciki na biyu, laulayi ya kwantar da ni, ni da hannuna na miƙa mata yarinyar, har ina godiya, don abin da aka saba ke nan, a ba babba ɗan fari. Ita kuwa Batula ba ta san wani abu wai shi yin shiru ba. Tana kwaɓa lalle tana yi mata magana, tana dama kunu tana yi mata magana. In ta tsaya a gindin matakala ta ƙwala kiran sunanta, har mai gadin gidan da ke kallonmu sai ya waiwayo. Yarinya ta tashi tana ce mata Inna. Ku ƙannenta kuna ce mini Umma, ita kuwa Hajiya take ce mini, yadda mai kawo mana tukunyar gas yake faɗa. Duk wannan ina gani, yana ɗan sosa mini rai, amma ban ba shi suna ba sai shekarar da aka yi ta dokar hana fita, yayarku tana ’yan mata, lokacin da Abbanku ya kawo mana baƙuwa.

Sunanta Selin, Ba’amurkiya ce, ba yarinya ba. Ta taɓa zama a wani ƙauye wajen Maraɗi, can ta koyi Hausa, kuma aikinta shi ne bin mutanen da suka bar ƙasarsu tana sauraron yadda bakinsu yake sauyawa. A wani asibiti a Wustul Balad, can tsakiyar birni, ta ji Abbanku yana tafinta, ta roƙe shi ya haɗa ta da Hausawan gari. Shi kuma ya ce mata in dai Hausa ce tsantsa, ta zo ta ji matarsa. Kai, ranar na ji daɗi! Wata Juma’a bayan an sauko daga masallaci ta zo. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuɓewa ɗanya, na ɗauko atamfar da nake ji da ita. Ta ajiye ’yar rikodarta a kan tabarma, ni kuma na gyara zama na shiga zuba mata Hausa irin ta gidan rediyo, ko “yalla” ɗaya ta Larabci ban bari ta kuɓuce mini ba. Na ba ta labarin duwatsun Rano, da ranar kasuwa, da yadda ake kamun amarya. Tana ta gyaɗa kai.

“Hausarki tana da kyau, Hajiya,” in ji ta. “Kamar ta littafi.”

Na ɗauka yabo ne. Da aka zuba abinci ta kai loma ɗaya, sai ta tsaya tana kallon kwanon, ta ce wannan ai miyar kakarta ce, su ma da kuɓewa suke yi, har sunan miyar ma daga bakin mutanen Afirka suka samo shi. Abbanku, da yake yana jin Turanci, ya ce dama yana so ya tambaye ta, ya ji ta tana waya, Turancinta ba irin na Amurkawan da ya saba ji ba ne, yana da wani karkace. Ta yi dariya har da tafa hannu.

“Mu Kajun ne, Malam,” ta ce. “Bakinmu ya yi tafiya mai nisa kafin ya zama haka.”

Ta ce kakanninta manoma ne daga Faransa, suka ƙetare teku suka sauka a wata ƙasa mai sanyi da ake kira Akadiya, a cikin Kanada ta yau. Suka daɗe a can, ba mai zuwa daga gida, Faransancinsu ya tsaya yadda suka zo da shi, na Faransa kuwa ya ci gaba da sauyawa ba tare da su ba. Daga baya Ingilishi suka ci ƙasar, tun kafin a yi jihadi a ƙasar Hausa, suka ƙone musu garuruwa, suka loda su a jiragen ruwa, aka raba wa da ƙani. Waɗanda suka rayu wasunsu suka gangara kudu, suka ɓuya a fadamun Luwiziyana ta Amurka, inda sai da kwalekwale ake zuwa gidan maƙwabci. A can suka tarar da baƙaƙen da aka kawo bauta, da ’yan asalin ƙasar, da Sifaniyawa, kowa ya ɗan zuba musu nasa a baki. Sunan ma na Akadiya ne aka yi ta tauna shi har ya koma Kajun. Sannan aka zo aka hana yara yin Faransanci a makaranta. Ta ce kakarta ta sha durƙuso a kan ƙwayar masara saboda ta nemi izinin fita da harshen gidansu, shi ya sa da ta haihu ta rantse ba za ta yi wa ’ya’yanta shi ba. Suka tashi da Turanci, amma Turancin ya fito da kiɗan Faransancin da aka hana su.

Ina saurare ina cewa Allah sarki, ban san kaina za a biyo ba. Sai ga yayarku ta shigo da tiren shayi daga ƙasa. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Abbanku.

“Inna ta ce ku sha shayin ga da zahinai, kar shi huce,” ta ce.

Selin ta ajiye cokali. Wallahi duk surutun da na kwashe rabin yini ina yi ban ga idonta ya yi wannan hasken ba. Kafin ta yi magana sai ga Batula a bakin ƙofa da kaskon turare, tana haki.

“Salamu alaikum, ya jama’a. Benen ga shi za ya kashe ni.”

Selin ta dubi Batula, ta dubi yarinyar, ta sake duban Batula, ta dafa ƙirji.

“Ai ba sai an gaya mini ba,” ta ce. “Ga uwa, ga ’ya. Bakinsu ɗaya, har inda suke jan numfashi ɗaya ne.”

Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku gaya mini me zan ce. In buɗe baki a gaban baƙuwa, a gaban mijina, in ce tawa ce, ni na haife ta? Uwar da ta yi haka a Rano sai a yi shekara ana ba da labarinta. Abbanku shi ma ’yar farinsa ce, ya yi gyaran murya ya ce ai yaran gidan nan na kowa ne. Yarinyar ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta ɗago ido ta dube ni, ni kaɗai, tana jira. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin kwanon miya wanda ba abin da ya same shi. Batula ce ta cike shirun. Ta ɗora hannu a kan yarinyar tana dariya.

“Ɗiyata ce mana. Ko ba haka ba, ya bitti?” Wato ’yata, da Larabcinsu na Sudan.

In za a bi gaskiya, kara ta yi mini, abin da ya kamata babba ya faɗa ke nan don ya rufa wa uwa asiri. Amma na ji yadda ta faɗe shi. Da daɗi ta faɗe shi, kamar mai tsotsar ɓargo. Yarinyar ta ɗauki tirenta ta bi ta suka sauka, ni kuma na zauna ina yi wa baƙuwa murmushi.

Bayan ’yan kwanaki Selin ta gano kuskurenta, ta hawo takanas ta ba ni haƙuri, kuma da ma ba ta zo ba.

“Ma’alish, Hajiya, kada ki damu,” ta ce. “Ni ma Faransancina ba na uwata ba ne. Wata tsohuwa ce a maƙwabtanmu take zaunar da ni tana ɓare jatan lande tana yi mini hira. Yaro bakin wanda ya yi masa magana yake ɗauka. Ba laifin kowa ba ne.”

Na ba ta ruwa, na raka ta bakin matakala. Daga ranar ba ta sake kunna mini rikoda ba. Ƙasa take tsayawa, wurin Batula, su uku da yayarku, ana lalle ana hira. Ni da Hausata ta littafi ina sama. Na koma mai yawan fita zubar da shara. In ɗauki bokiti in tsaya a tsakiyar matakala, in kasa kunne. A nan na fara jin ainihin muryar ’yar da na haifa. Ashe mai ban dariya ce! Ashe tana kwaikwayon malamansu, tana ba da labari har Batula ta riƙe ciki tana cewa ta bari haka. Shekara goma sha ina kwana ɗaki ɗaya da yarinya ban san tana da wannan bakin ba. Raina ya yi baƙi ƙirin. Ba Selin nake jin haushi ba, ita wucewa take yi. Batula ce, da ta samu a banza abin da na yi shekaru ina roƙon Allah, ta zuba masa muryarta har baƙo daga wata duniya yana ji.

Na gwada gyarawa ta hanyar da na iya. Wata rana yayarku tana wanke-wanke ta ce ruwan da zahi, na ce, “Ke, ba a cewa zahi. Zafi ake cewa. Ki riƙa magana irin ta mutanen gidanku.” Ina jin ban taɓa haɗa mata magana mai tsawon wannan ba. Ta ce, “To, Hajiya.” Daga ranar ta daina yi mini Hausa ɗungurungum. In na ce ke, ta ce na’am, sauran duk da Larabcin Masar, irin wanda take yi wa mai kanti. Hausar ta tattara ta kai ƙasan bene.

Sai na samu Abbanku na ce a mai da ita gida wurin ƙanwata a Kano. Na kawo hujjoji: gari ba lafiya, yau a buɗe makaranta gobe a rufe, yarinya ta girma ba ta san danginta ba. Duk gaskiya ne. Ya bar ni na gama tsaf.

“Hajiya, ba hargitsin gari ne ya dame ki ba,” ya ce. “Ki sauka ki zauna da su mana. Bene ne kawai tsakaninku.”

“Ni in je ɗakin wata a koya mini hira da abin da na haifa? Allah ya kiyaye.”

Na kafe, kun san ni. Ya gaji ya sayi tikiti. Da labari ya kai ƙasa, Batula ta hawo da kanta, ba kasko ba tire, ta zauna a bakin ƙofa don ta kasa ƙarasowa ciki.

“Ki bar mini ita kaɗan,” ta ce. “Ni ba ni da nisa. In na tahi sai ki kai ta duk inda kike so.”

“Ai ba taki ba ce,” na ce.

Iyakar abin da na taɓa iya faɗa ke nan, kuma ko shi a karkace ya fito. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

“Na sani,” ta ce. “Kullum na sani. Ita ce ba ki gaya ma ba.”

Ta dafa bango ta sauka. Ranar tafiya da safe ta turara wa yarinyar kayanta kaf, ta rungume ta a bakin titi tana kuka wiwi, tana kiran sunanta tana sakewa, har direban tasi ya kashe mota ya jira. Ni ina tsaye a gefe, idona a bushe kamar yadda aka koya mini. Na yi niyya, Allah shi ne shaida. Tun asuba nake juya sunan a bakina. Da yarinyar ta zo ta durƙusa a gabana na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

“Ke, ki riƙe fasfo ɗinki da kyau.”

Na ce a kai ta Kano a gyara mata baki, to ba a gyara komai ba. ’Yan makarantarsu sun yi mata dariya, sun sa mata suna ’yar Sudan, ta ƙi sauya ko harafi ɗaya. Ƙanwata ta ce in ana so a ga fushinta, a gyara mata magana. Shekara ba ta zagayo da kyau ba Batula ta kwanta, ba ta tashi ba. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, kuma na yi kuka, kada wani ya ce muku ban yi ba. Abbanku ne ya sanar da yarinyar ta waya. Bayan haka ta daɗe ba ta karɓi waya in an ce ga Hajiya ba. Selin kafin ta koma ƙasarsu ta aika mata duk hirarrakin da ta ɗauka, kuma na san har yau yayarku tana kunnawa in tana girki. Kun ga ke nan ko mutuwa ba ta raba ni da muryar matar nan ba.

Sauran kun sani, da ku aka yi. Mun dawo gida, ta yi aure, ta haifi ’yarta ta fari. Ranar suna ina ɗaki da mata, aka shigo aka ce an raɗa wa jaririya Batula. Mata suka yi ta tambaya wace ce Batula a dangi, na ce wata ’yar’uwa ce a Masar. Yayarku kuwa ba ta san wata kunyar ɗan fari ba. A gaban surukanta take ɗaga ’yarta tana kiran sunanta tana yi mata surutu, da wannan jan maganar, da wannan numfashin. Da mutane suka ragu ta miƙo mini ita, ta yi mini Hausa, karo na farko tun ranar wanke-wanken nan.

“Hajiya, ki kira ta. Ke kaka ce, ba abin da ya hana ki.”

Na karɓa, na kira. Yanzu yarinyar ta yi wayo, kullum tana wurina, kuma ba na barin bakina ya huta. Ina tsefe mata kai ina magana, ina ba ta tuwo ina magana, duk hirar da na tara ban yi wa uwarta ba ita nake juye wa, ko Allah zai sa a samu ɗan Rano kaɗan a bakinta. Wani lokaci ina ji kamar na fara cin nasara, sai uwarta ta zo ɗaukarta, su yi magana biyu, in ji ƙasan benen nan ya dawo gaba ɗaya. Daga safe zuwa yamma sunan da nake kira a gidana ke nan, Batula zo, Batula bari, Batula ga ruwa. In uwar tana nan, ita take fara waiwayowa kafin ’yar.

Nata sunan kuwa, ku koma farkon wannan rubutu ku duba. Na ɗauka abin da baki ya kasa alƙalami zai iya. Na kai hannu ya fi a ƙirga, ga shi na zo ƙarshe ban rubuta ba.